Shekara Uku Ina Rainon Furen Ayiris Mai Gemu Daga Ƙwaya a Kano

Ni sana'ata haɗa humra da turaren wuta, ba noma ba, kuma ta hanyar turaren na shiga wannan lamari. Wata rana na je Kasuwar Kurmi sayen farce da sandal, sai mai shagon da nake saye a wajensa ya ɗiga mini wani mai a bayan hannu, ya ce, "Hajiya, shinshina wannan." Ƙamshi ne mai sanyi, kamar na tsohuwar hodar kwalliya da iyayenmu ke ajiyewa a cikin adaka. Ya ce sunansa oris, kuma asalinsa saiwar wani fure ne da ake nomawa a Italiya. Da na dawo gida na shiga intanet na bincika, ashe gaskiya ya faɗa. Furen sunansa ayiris, kalmar Girkanci ce mai nufin bakan gizo, saboda yawan launukansa. A yankin birnin Fulorens ake haƙo saiwarsa, a fere ta, a shanya ta shekaru kafin ƙamshin ya fito. A cikin ire-irensa, wanda ya ɗauki hankalina shi ne mai gemu. Furensa kunnuwa shida ne, uku a tsaye, uku sun rankwafo ƙasa, kuma a kan kowane rankwafaffe akwai ɗan layin gashi kamar gemun saurayi sabon tashi. Nan take na ce sai na shuka shi a tsakar gidana.

Na fara da masu sayar da fulawa a bakin titi a Nasarawa. Na nuna wa wani dattijo hoton a waya, ya daɗe yana kallo, ya ce shekararsa talatin a wannan sana'a bai taɓa sayar da shi ba. Ya ce, "Hajiya, wannan ɗan ƙasar sanyi ne. In ma akwai, sai dai Jos." Ban ji maganarsa ba. Ƙanena yana karatu a Ingila, na kira shi na ce ya nemo mini irin. A watan Fabrairun 2022 ya zo hutu da wata 'yar takarda mai ƙwaya 25 a ciki. Ƙwayoyin launin ƙasa ne, a yamutse, masu tauri, kamar busasshiyar masarar da ta shekara a rumbu. Washegari da safe na zuba su a baho cikin ƙasar da na ɗebo a bayan gida, na rufe, na shiga ban ruwa safe da yamma kamar mai rainon alayyahu. Maris ya wuce, Afrilu ya zo da zafinsa, ba abin da ya fito sai ciyawa. Da damina ta sauka na tona don in ga abin da ake ciki, sai na tarar da yawancinsu sun zama taɓo, ragowar kuma gara ta gama da su. Rashin sani ne ya sa kaza ta kwana a kan dami, domin duk bayanin da nake bukata yana nan a wayar da ke hannuna, hotuna kawai na tsaya kallo.

Sai a lokacin na zauna na karanta abin da masu noman furen ke faɗa. Ƙwayar ayiris mai gemu tana da wani sinadari a jikinta da ke hana ta tsiro. A ƙasarsu, takan faɗi ƙasa da kaka, ruwan sama ya yi ta wanke ta, sanyin hunturunsu ya ratsa ta wata biyu zuwa uku, sannan idan gari ya fara ɗumi ta huda. Hikimar ita ce kada ta fito gab da ƙanƙara ta mutu. To mu a nan ba mu da irin wannan sanyi, dole sai dai a yaudare ta: a jiƙa ta a wanke sinadarin, a sa ta a firij ta ɗauka hunturu ne, sannan a shuka ta a lokacin da gari ke da sanyi-sanyi. Na kuma gano wani abin da ya sa gabana faɗuwa, wato ba a shigo da irin shuka daga waje haka kawai a aljihu. Akwai hukumar NAQS mai kula da killace tsirrai da dabbobi, ita ke ba da takardar izinin shigowa, sannan ƙasar da irin ya fito ta haɗo shi da takardar shaidar lafiyar shuka. Ni da ƙanena duk ba mu sani ba.

Karo na biyu na bi hanya. Na je ofishin da abin ya shafa da sassafe, aka ce in rubuto takardar neman izini. Na koma gida na rubuta cewa ina son shigo da irin fulawa mai suna ayiris, na kawo. Jami'in ya karanta ya yi murmushi, ya ce ayiris iri-iri ne, sun haura ɗari biyu, wanne nake nufi? Suna son sunan kimiyya, da adadin ƙwaya, da ƙasar da za ta fito, da abin da za a yi da ita. Na sake komawa na rubuto Iris germanica, ƙwaya 40, daga Ingila, don shukawa a gida. Na haɗa da hoton katin ɗan ƙasa, na je banki na biya ta Remita, na kawo musu rasit. Zuwa uku ke nan, kuma biyu daga ciki laifina ne. Bayan kamar mako uku takardar ta fito, na ɗauki hotonta na tura wa ƙanena, shi kuma ya nemi mai sayarwar da ya yarda ya haɗo da takardar lafiyar shuka. Ba kowane mai sayarwa ke yarda ba, kuma kuɗin takardar a can ya ninka kuɗin ƙwayar kanta. Da ya faɗa mini sai da na yi shiru. Ya ce, "Yaya, ko dai mu haƙura?" Na ce ai an riga an jiƙa, sai wanka. A tsakiyar Satumba saƙon ya iso.

A wannan karon lissafi na yi daga ƙarshe zuwa farko. Sanyin Kano mafi ƙarfi yana tsakanin tsakiyar Disamba da ƙarshen Janairu, lokacin da dare kan sauko wajen digiri 13 ko 14, kuma ƙwayar ta fi son ta huda a irin wannan yanayi. Ke nan ina son in fitar da ita daga firij a tsakiyar Disamba. Na cire mako goma na firij, ya kai ni farkon Oktoba. Na sake cire mako biyu na jiƙo, ya kai ni wajen 20 ga Satumba. Saƙon ya zo a kan gaɓa, da ya ƙara wata guda a hanya da sai in jira wata shekarar.

Jiƙon ba wuya, sai dai naci. Na zuba ƙwayoyin a kofin gilas, na cika da ruwa, kullum bayan sallar asuba in tace da rariyar shayi in zuba sabo. Kwana ukun farko ruwan yakan koma kamar shayin da aka manta a kan wuta, har da ɗan wari. Zuwa kwana na goma ya fara fitowa garau, ƙwayoyin sun kumbura, yamutsewar ta saki. Na karanta cewa wasu Turawa ƙulle ƙwayar suke a cikin safa su rataya a tankin masai, duk sanda aka ja ruwa ta wanku. Na ba maigidan labari ya yi dariya har da hawaye, ya ce a gidan da ake sayen ruwa a wajen 'yan garuwa, wa zai bar ni in yi wannan almubazzaranci? Ranar ƙarshe na tsoma su minti goma a ruwan bilic da na sirka, kashi ɗaya da ruwa kashi goma, don kashe fumfuna, na ɗauraye sosai. Sannan na soya yashi a tsohon kasko har ya yi zafi, na bari ya huce, na yayyafa masa ruwa daidai yadda in ka dunƙula zai kama amma ba zai ɗiga ba. Na raba ƙwayoyin gida biyu, ashirin-ashirin, a ledoji biyu masu zif, na rubuta kwanan wata a jiki.

Nan ne aikin gaske ya fara, kuma ba a ƙwayar matsalar take ba, a wuta take. Abin da ake so shi ne sanyin digiri 4 ko kusa da haka, ba yankewa, har mako takwas zuwa goma sha biyu. Firij ɗinmu kuwa yana sanyi ne in an kawo wuta, in an ɗauke ya koma kabad. Mako na farko ina ta kunna janareto da dare saboda leda biyu na yashi, har maigidan ya fara tambaya ko furen nan zinare yake haifa. Ana cikin haka yarinyata ta ga leda ɗaya ta tare mata wuri, ta ɗauke ta jefa a firiza kusa da naman miya. Sai bayan kwana huɗu na lura, na ciro ta ta daskare kamar dutse. Jiƙaƙƙiyar ƙwaya da ta yi ta daskarewa tana narkewa duk sanda aka kawo wuta aka ɗauke, ba ta ji daɗi ba. Daga wannan ledar guda biyu kacal suka rayu. Abin da ya cece ni wata maƙwabciyata ce mai sayar da fura da yogot, wadda ta haɗa sola, firij ɗinta ba ya mutuwa dare da rana. Na je na yi mata bayani ina jin kunya. Ta ce, "Maman yara, kawo mana. Ai ba cin wuri zai yi ba." Na sa ledojin a gwangwanin madara, ta ajiye a aljihun ƙasa na firij, ni kuma na riƙa kai mata kwalbar humra duk wata a madadin godiya. Duk Juma'a nakan je in buɗe, in ba su iska, in duba ko yashin ya bushe. Sau biyu na ga farar fumfuna ta kama wasu, na ciro su na wanke na mayar.

A mako na tara na buɗe leda, sai ga wata ƙwaya ta tsage, ɗan farin tsinke kamar bakin allura ya leƙo. Na tsaya a ɗakin girkin mutane ina kallon yashi ina murmushi ni kaɗai. Ranar 15 ga Disamba na kwaso su gaba ɗaya. Ƙasar da na haɗa musu kashi biyu yashin kogi ne, kashi ɗaya ƙasar lambu, da ɗan dakakken gawayi, da takin shanu da ya shekara ya zama gari, shi ma kaɗan. Na binne kowacce zurfin kamar rabin gaɓar yatsa, na jera robobin a gindin katangar da rana ba ta dukanta sai da safe. Da dare nakan bar su a fili su sha sanyi da raɓa, da rana in jiƙa buhun algarara in rataya a gabansu don iskar hunturu ta busa musu sanyi, irin dabarar randa. Iskar nan tana busar da ƙasa cikin sa'o'i kaɗan, don haka yayyafi nake yi sau biyu a rana, ba kwarara ba. Ta farko ta fito bayan kwana goma sha ɗaya, siririya kamar tsiron albasa. Sauran suka biyo a rarrabe, yau ɗaya, jibi biyu, sai a yi mako ba labari. Zuwa ƙarshen Janairu ina da 14 daga cikin 40. Da zafi ya fara shigowa a Fabrairu, fitowa ta tsaya cak. Ban zubar da robobin ba, domin wasu ƙwayoyin kan kwana har shekara ta zagayo, kuma da hunturun gaba biyu sun fito.

Dashe ya zo daidai da wahalar kuɗin nan ta farkon 2023, lokacin canjin takardun naira. Na je wajen masu tukwane da waya a hannu, tsohuwar ta ce ita ba ta san tiransifa ba, sai tsaba. Kwana biyu na yi ina bin masu POS kafin na samu abin da zan sayi tukwanen ƙasa goma sha huɗu. Na sa aka huda mini gindin kowacce huji uku, na shimfiɗa tsakuwa a ƙasa. Na zaɓi tukunyar ƙasa ne don tana numfashi, ba ta dafa saiwa kamar baƙar roba. A lokacin kowane tsiro yana da ganye uku ko huɗu, a jere a baje kamar mafici, kowane ganye kamar ƙaramin takobi. Daga nan bazara ta sauka, ga azumi. Littattafan Turawa cewa suke a ba ayiris cikakkiyar rana, aƙalla awa shida. Rana ce ta ƙasarsu suke nufi. Na bi maganarsu mako guda a Afrilu, bakin ganyayyakin suka ƙone, uku suka mutu murus. Dattijon nan mai fulawa na koma wa, ya ce in kafa musu rumfar zana mai ƙofa ta gabas, su sha hantsi, azahar ta same su a inuwa, ruwa kuma sai bayan la'asar in ƙasa ta huce. Haka na yi, mutuwar ta tsaya. Ƙadangaru ma sun ɗauki rabonsu, sai da na kewaye da tsohon gidan sauro.

Na ɗauka bazara ce babbar abokiyar gaba, ashe damina ce. Ayiris mai gemu yana yin saiwa mai kauri a kwance kamar citta, kuma wannan saiwa ba ta son a binne ta. So take bayanta ya fito fili ya sha iska, jijiyoyin kawai su nutse. Ni kuwa ganin ta fito waje sai tausayi ya kama ni, na ƙara mata ƙasa, na kuma barbaɗa ɗan yuriya don ganye ya yi kore. Kuskure biyu a rana ɗaya. A watan Agusta, bayan ruwan kwana uku a jere, na ga ganyen wata tukunya ya yi rawaya ya kwanta. Na ɗan ja shi sai ya biyo hannuna, gindin ya narke kamar dafaffen dankalin da ya kwana, ga wani ɗoyi da har yanzu in na tuna nakan ji shi a hanci. Ruɓewa ce irin wadda ƙwayoyin cuta ke kawowa, kuma damshi da zafi da takin da ke sa ganye laushi su ne abincinta. Na ciro duka na duba ɗaya bayan ɗaya. Wadda ruɓar ta ɗan taɓa na kankare da cokali har na kai ga fari mai tauri, na wanke da ruwan bilic, na barbaɗa toka, na shanya a inuwa kwana biyu, sannan na mayar cikin sabon yashi, bayanta a waje. Na kwashe tukwanen na jera a ƙarƙashin baranda inda ruwan sama ba ya taɓa su. Biyar sun tafi, shida suka tsira. A cikin kwana biyun shanyar nan ne surukata ta zo, ta ga saiwoyin a kan faifai, ta ɗauki ɗaya za ta daka a shayi. Na yi tsalle na riƙe hannunta na ce, "Hajiya, ba citta ba ce!" Ta ce, "'Yar nan, to me ya kawo ta kan faifan girki?" Gaskiyarta. Saiwar tana da guba, tana sa amai da gudawa, ga mutum ga dabba. Mai yara ƙanana ko awaki a gida ya kiyaye.

Shekara ta biyu ba ta da labari mai yawa. Na koma ba su takin sufa kaɗan a farkon hunturu, na daina yuriya kwata-kwata. Saiwoyin suka yi ƙiba, suka fitar da 'ya'ya a gefe, ganye ya kai gwiwa. A ƙasarsu wanda aka shuka daga ƙwaya yakan yi fure a shekara ta biyu ko ta uku. Na zuba ido a Maris da Afrilun 2024, ko kara ɗaya bai fito ba. Dalilin dai sanyin nan ne: ba ƙwayar kaɗai ke neman hunturu ba, babbar shukar ma sai ta sha sanyi na makonni kafin ta ɗaure fure, kuma namu na Kano na dare ne kawai, da hantsi ya ɗaga an koma wajen digiri 30. Sai na tuna maganar dattijon ta ranar farko. Ina da 'yar'uwa da ke aure a Jos, na ciro uku na naɗe a jarida na ba direba ya kai mata.

Wanda zai gwada bayana, abin da zan ce masa shi ne ya samu firij mai sola kafin ya samu ƙwaya, domin in babu wannan sauran duk ɓata kuɗi ne. Ya fara neman takarda tun Yuli, ya rubuta sunan kimiyya tun zuwan farko, ya jiƙa a ƙarshen Satumba. Ya sayi ƙwaya fiye da abin da yake so sau uku. Kuma kada ya ƙwallafa rai a kan hoton da ke jikin takardar irin. Waɗannan furanni haɗe-haɗen aure ne na shekara da shekaru, ƙwayarsu ba ta biyo uwa, kowacce da kamar da za ta fito. Mai son ainihin launin da ya gani, saiwa zai nema ya dasa, ba ƙwaya ba. Wanda kuma fure kawai yake so a tsakar gida ba tare da ciwon kai ba, masu fulawa na bakin titi suna da waɗanda suka saba da ranarmu.

A watan Maris na 2025 'yar'uwata ta turo mini hoto ta WhatsApp. Ɗaya daga cikin ukun ta fitar da kara, da fure biyu a kai. Uwar da ke jikin takarda shuɗiya ce kamar sabon rinin Ƙofar Mata, wannan kuwa ta fito wani shunayya mai duhu-duhu da ya sirka da ruwan ƙasa, gemun rawaya. Na ce ta shinshina mini, ta ce akwai ɗan ƙamshi, kamar na alewa. Kwana uku furen ya yi ya yanƙwane, ban samu zuwa na gan shi da idona ba. Nawa na Kano guda biyar ne yanzu, har da biyun da suka makara, suna ƙarƙashin baranda, ganye kawai. Maganar oris kuwa, na gano daga baya cewa mafi kyawunsa daga wani ɗan'uwan wannan ake samu, Iris pallida, kuma sai saiwa ta yi kamar shekara uku a ƙasa, ta ƙara wasu ukun a shanye. Duk da haka da na raba tukunya ɗaya bayan damina, na yanki gutsure kamar babban yatsa, na fere, na shanya, na sa a gwangwani a saman kabad inda hannun yara ba ya kaiwa, na rubuta 2028 a murfin. Jiya na buɗe na shinshina, warin busasshen rogo yake yi.